Kundin gwajin raba shugabanci a makarantarmu, zangon farko

Litinin, 8 ga Satumba

Wannan zangon muka ɗauko gwajin raba ragamar makaranta tsakanin shugaba, malamai, iyaye da ɗalibai. Ni ne mataimakin shugaba mai kula da karatu, kuma ni aka ɗora wa rubuta bayanan taro, shi ya sa na buɗe wannan kundi in riƙa ajiye abin da ba ya shiga bayanan hukuma.

Abin da ya kai mu ga haka ba ɓoyayye ba ne. Komai sai ya bi ta teburin shugaba: kwalin alli, makullin ɗakin gwaje-gwaje, izinin malamar da za ta kai ɗanta asibiti, musanya darasi da darasi. Ran da aka kira shi taro a hukumar ilimi, sai takardu su taru, malamai su zauna jiran sa hannu. Shi kansa ya gaji. Ya ce mini zangon da ya wuce bai samu sukunin zama a bayan aji ya ga yadda ake koyarwa ba, alhali don wannan aka naɗa shi.

Kafin mu zana namu tsari na duba na wasu. A birnin Shikago na Amurka, dokar 1988 ta kafa wa kowace makarantar gwamnati majalisa mai iyaye shida, wakilan unguwa biyu, malamai biyu da shugaba, a sakandare kuma har da ɗalibi ɗaya. Majalisar ce ke zaɓen shugaban makaranta a kan kwantiragin shekara huɗu, ita ke amincewa da kasafin kuɗi. A Afirka ta Kudu, dokar makarantu ta 1996 ta ce iyaye su fi sauran masu ƙuri'a gaba ɗaya da mutum ɗaya, ɗalibai kuma daga aji takwas zuwa sama suna da kujera. Su doka ce ta ba su iko. Mu namu ikon aro ne daga shugaba, duk ran da ya so zai iya karɓe abinsa. Wannan bambanci na rubuta shi a saman takardar farko don kada mu ruɗi kanmu.

Abin da muka tsayar: majalisa ɗaya, da ƙananan kwamitoci uku, na karatu, na tarbiyya, da na kayan aiki. An kashe rim ɗaya na takarda da ɗan tawadar firinta.

Alhamis, 11 ga Satumba

An gabatar wa malamai a ɗakin malamai bayan an tashi. Matasan sun yi murna, dattawan sun yi shiru. Daga ƙarshe tsohon malamin lissafi, wanda ya ga shugabanni da dama sun zo sun wuce, ya ɗaga hannu. Ya ce: "Ranka ya daɗe, kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. Kai ke karɓar alawus ɗin shugabanci. Yanzu aikin za a rarraba mana, ko ikon?"

Aka yi dariya, amma tambayar ta zauna. Shugaba ya amsa da cewa duka biyun. Malamin ya ce to a rubuta. Ina ganin ya fi mu duka gane inda gizo ke saƙa. Sau da yawa abin da ake kira raba shugabanci sauke kaya ne kawai: a ba malami haɗa jadawalin jarrabawa, a ba wani lissafin kujerun da suka karye, amma yanke hukunci na nan inda yake.

Laraba, 17 ga Satumba

Zaɓe. Malamai sun kaɗa ƙuri'a a ɓoye, suka fitar da uku: tsohon malamin lissafin nan, malamar Turanci, da wani matashi mai koyar da kimiyya. Ma'aikatan da ba malamai ba sun turo mai kula da laburare. Ɗalibai sun zaɓi mace da namiji daga manyan azuzuwa, kuma mun dage kada su zama cikin firifet ɗin da ofis ya naɗa, don wanda ofis ya naɗa da bakin ofis yake magana.

Na iyaye ne bai yi armashi ba. Mun sa taron da hantsi ranar aiki, sai waɗanda ba su da uzuri suka zo, kuma yawancinsu fuskokin da muka saba gani ne. An zaɓi huɗu, maza uku da mace ɗaya, ita ma sai da aka roƙe ta. Iyayen yaran da suka fi ba mu wahala, masu makara da masu fashi, babu ko ɗaya a zauren. Zaɓe na gaba za a sa shi ranar hutu.

Talata, 23 ga Satumba

An raba mutane cikin kwamitoci. An kafa allon sanarwa na majalisa kusa da ɗakin malamai. Babu wani abu.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Zaman majalisa na farko, kuma bai yi kyau ba. Ajanda tana da abu biyar. Na biyu shi ne yadda za a tallafa wa 'yan aji ɗaya da suka shigo ba su iya karatu sosai ba, abin da ya fi komai nauyi a takardar. Na karanta shawarar kwamitin karatu, kowa ya gyaɗa kai, aka wuce cikin 'yan mintoci. Na uku shi ne launin fentin da za a yi wa katangar gaba. Nan aka yada zango. Kowa na da ra'ayi, har aka tashi ba a taɓa na huɗu da na biyar ba.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Tun 1957 wani masanin tarihi ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya yi wa kwamitoci ba'a da misalin waɗanda suka amince da gina tashar nukiliya cikin ƙiftawar ido, sannan suka shafe lokaci suna gardama kan rumfar ajiye kekuna. Dalilin a fili yake: mutum yana magana ne kan abin da ya tabbata ba za a yi masa dariya ba. Uba bai san me zai ce kan koyar da karatu a gaban malamai ba, amma ya san fenti.

Ɗaliban biyu ba su ce uffan ba. Da shugaba ya tambaye su, suka ce "duk abin da aka yanke daidai ne, Malam."

Gyara: a raba takardun bayani kwana uku kafin zama, a rubuta su da harshen da uba zai fahimta, a ware wa kowane batu mintocinsa, fenti da ire-irensa kuma kwamitin kayan aiki ya gama da su can.

Talata, 7 ga Oktoba

Yau muka yi abin da malamin lissafi ya nema. Ni da shi da shugaba muka zauna muka jera duk hukuncin da ake yankewa a makaranta, daga babba har ƙarami, muka zuba su gida huɗu. Gida na farko, abin da doka ko hukuma ta riga ta yanke, ba mu da ta cewa: manhaja, ranakun buɗewa da rufewa, ɗaukar malamai da sauya musu wurin aiki. Na biyu, abin da shugaba ke yankewa shi kaɗai: gaggawa, tsaron lafiyar yara, da ladabtar da ma'aikaci. Na uku, abin da zai nemi shawara sannan ya yanke, kamar raba darussa ga malamai. Na huɗu, abin da majalisa ko kwamiti ke yankewa, shi kuma ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta kowa.

Tunanin ba namu ba ne. Masana harkar shugabanci Vroom da Yetton sun tsara irinsa a 1973, inda suka nuna cewa ba kowane hukunci ne ya dace da taro ba, ya danganta da wa ke da bayanin, da kuma ko aikin zai yiwu in masu aiwatarwa ba su yarda ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda gida na huɗu ya ƙi cika. Duk abin da muka ɗauko sai shugaba ya ce "wannan a sa shi a na uku." Da ƙyar muka samu dokokin makara da tsafta, jadawalin gwajin aji, kulob-kulob na ɗalibai, da wani kaso na kuɗin kayan koyarwa. Ya sa hannu, an manna a allo.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ranar da ta fi kowace muni zuwa yanzu.

Tsohuwar al'adarmu ita ce a tsare makararru a bakin get, su yi shara har darasin farko ya wuce. Kwamitin tarbiyya, ƙarƙashin malamar Turanci, ya duba rajista ya ga cewa yaran da ke makara kusan su ne dai kullum, kuma darasin farko a yawancin azuzuwa lissafi ne ko Turanci. Wato muna hukunta yaro da hana shi darasin da ya fi buƙata. Ranar Alhamis da ta wuce suka yanke cewa a rubuta sunan makararre a bar shi ya shiga aji, in ya maimaita sau uku a mako sai ya tsaya rabin sa'a bayan an tashi, a kuma aika wa gida takarda. Makara tana gida na huɗu, don haka hurumin kwamitin ne. 

Yau da safe a asambuli, ba tare da ya gaya wa kowa ba, shugaba ya sanar cewa an koma tsohon tsari. A gaban ɗalibai, a gaban malamar. Na ga fuskarta ta sauya. Ba ta ce komai ba sai da aka watse, ta same shi a ofis ina nan, ta ce: "Ranka ya daɗe, in shawara kake so, ka ce shawara. Kada a sa mu yanke hukunci sannan a kunyata mu a gaban yara." Ta ajiye fayil ɗin kwamitin a kan tebur ta fita.

Kafin azahar labari ya zaga ɗakin malamai. Malamin lissafi bai yi magana ba, kallona kawai ya yi. Biyu daga cikin 'yan kwamitin karatu sun aiko cewa ba za su samu zuwa zaman gobe ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na zauna da shugaba da sassafe. Dalilinsa ba na banza ba ne. Shekaranjiya da daddare iyaye biyu sun kira shi, 'ya'yansu mata sun dawo gida a makare su kaɗai saboda abokan tafiyarsu sun riga sun wuce. Ya ce: "Malam, in wani abu ya sami yarinya a hanya bayan lokacin tashi, hukuma ba za ta tambayi kwamiti ba. Ni za a kira." Gaskiya ne, kuma wannan shi ne ƙullin da ke cikin aikin gaba ɗaya: ana iya raba iko, amma alhakin da doka ta rataya wa mutum ɗaya yana nan a wuyansa. Kwamitin ma bai hango batun hanya ba, domin babu uba ko uwa a zaman da aka yanke.

Sai dai na gaya masa cewa matsalar ba dakatarwar ba ce, yadda aka yi ta ne. Bryk da Schneider, da suka bi makarantun Shikago bayan dokar 1988, sun fitar a 2002 cewa abin da ya fi bambanta makarantun da suka ci gaba shi ne aminci tsakanin manya, kuma sun ce ana gina shi da girmamawa, ƙwarewa, kulawa da juna, da cika magana. Jiya na farko da na ƙarshe ne suka karye a lokaci guda.

Mun ƙara sakin layi a takardar gida huɗu. Shugaba na da ikon dakatar da hukuncin kwamiti in ya shafi tsaron yara ko ya saɓa doka, amma sai ya fara sanar da shugaban kwamitin, ya rubuta dalili, batun kuma ya koma teburin kwamitin cikin mako guda. Shi da kansa ya je ya sami malamar a ɗakin malamai, ba kiranta ofis ya yi ba. Ta karɓi fayil ɗinta. Kwamitin ya mayar da tsayuwar lokacin tara a maimakon bayan tashi.

Litinin, 27 ga Oktoba

Tsadar wannan aiki ba kuɗi ba ce, lokaci ne. Duk zaman kwamiti bayan an tashi muke yi, kuma masu ƙananan yara a gida sun fara zamewa, galibi mata. In aka ci gaba a haka, kwamitocin za su koma hannun waɗanda ba su da abin yi da yamma.

Na sake zana jadawalin darussa don 'yan kowane kwamiti su sami darasi ɗaya a mako da duk ba su da aji. Ya ci mini ƙarshen mako, kuma sai da malamai biyu da ba sa cikin kowane kwamiti suka yarda aka matsar musu da darussa zuwa ƙarshen yini. Ɗaya ya yarda da fara'a, ɗayan ya yarda dai.

Wani ya ba da shawarar a tilasta wa kowane malami shiga kwamiti don adalci. Na ƙi. Masanin ilimi Andy Hargreaves ya daɗe da gargaɗi kan haɗin kan dole, wanda ofis ke tsarawa ya sa wa lokaci da rajista, mutane su zo su zauna jikinsu na nan hankalinsu na wani wuri. Gara kujerun su riƙa zagayawa duk shekara.

Laraba, 5 ga Nuwamba

An miƙa wa kwamitin kayan aiki kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin kayan koyarwa na zangon. Nan take zaman ya cika, har waɗanda ba 'yan kwamiti ba sun zo sauraro. Sashen kimiyya na son kayan gwaji, sashen harsuna na son littattafan karatu na 'yan aji ɗaya, mai wasanni na son ƙwallaye. Aka kaɗa ƙuri'a, kimiyya ta yi rinjaye da ɗaya, ta kwashe duka.

Mai laburare ce ta tsayar da abin. Ta tuna mana cewa majalisa ta riga ta amince tun zaman farko cewa karatun 'yan aji ɗaya ne kan gaba, ga shi a rubuce. Rinjaye bai isa ya ture abin da aka riga aka sa a gaba ba. Aka sake zama: duk buƙata sai ta nuna alaƙarta da abin da majalisa ta fifita, ƙuri'a kuma sai an kasa daidaitawa. Littattafai suka sami kaso mafi girma, kimiyya ta sami abin da zai ishe ta gwaje-gwajen 'yan ajin ƙarshe, ƙwallaye sai zango mai zuwa. Kofen kowane rasit za a manna shi a allo.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ɗalibai sun yi magana yau, kuma sun fi kowa kawo abin amfani. Abin da ya sauya shi ne malamin kimiyya ya zauna da su kwana biyu kafin zama, su kuma suka zaga azuzuwa suka tattaro koke a rubuce. Sun zo da takarda a hannu, ba da baki kawai ba.

Koke biyu ne manya. Na farko, gwajin aji yana taruwa a mako ɗaya, wani lokaci uku a yini, saboda kowane malami shi kaɗai yake sa nasa. Babu malamin da ya san haka, don babu wanda ke zaune a aji ɗaya daga safe har tashi sai ɗalibi. Na biyu, makewayin mata ba shi da sakata, shi ya sa wasu ke riƙewa har su koma gida.

Sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya ce a saurari yaro kan abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayinsa nauyi gwargwadon shekarunsa. Masaniyar haƙƙin yara Laura Lundy ta fayyace shi a 2007 da abu huɗu: fili, murya, mai sauraro, da tasiri. Mu mun tsaya a na farko tun Satumba. An sa sakata kafin a tashi. Kwamitin karatu zai manna kalandar gwaji a kowane aji, kada a wuce biyu a yini.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Zaman kwamitoci kamar kullum. Littattafai sun iso, an buga musu hatimi. Kalandar gwaji ta hau bango.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Wata sabuwa daga ɓangaren iyaye. Ɗaya daga cikin wakilansu ya kawo ƙarar wani malami da suna, yana neman majalisa ta sa a cire shi daga ajin da ɗansa yake. Ɗalibai biyu na zaune, malamai uku na zaune. Kafin a tsayar da shi ya riga ya faɗi abin da bai kamata yara su ji ba, da yamma kuma maganar ta bayyana a zauren WhatsApp na iyaye.

Uwar da aka roƙa ta shiga majalisa ita ta fi kowa tsayawa. Ta ce masa: "Alhaji, an zaɓe ka ne don 'ya'yan kowa. Maganar ɗanka ka kai ofis kamar yadda kowane uba zai kai." Ladabtar da ma'aikaci yana gida na biyu, don haka takardar ta kare mu. Amma mun ƙara ƙa'ida biyu: ba a ambatar sunan malami ko ɗalibi a zaman majalisa, kuma duk wanda batu ya shafi ɗansa ko ajinsa kai tsaye zai faɗa tun farko ya janye daga ƙuri'a. Malamin da aka ambata ya ji, ransa ya ɓaci, shugaba na kan lallashinsa.

Laraba, 3 ga Disamba

Shugaba ya shiga aji yau ya zauna a baya, darasin karatun 'yan aji ɗaya, daga baya ya zauna da malamar ajin suka tattauna. Izinin fita na 'yan sa'o'i da makullan ɗakuna yanzu suna hannun shugabannin sassa, shi ya sa ya sami sarari.

Wannan nake so in sa wa ido. Binciken da Viviane Robinson da abokan aikinta suka fitar a 2008 ya nuna cewa cikin ayyukan shugaban makaranta, wanda ya fi tasiri ga sakamakon ɗalibai shi ne jagorantar ƙarin ilimin malamai da shiga cikinsa da kansa. In kwamitocinmu ba su kai mu can ba, taro kawai muka ƙara. Rajista ta nuna makararru na samun darasin farko yanzu, amma yawan makarar bai ragu sosai ba. Batun ko karatu ya inganta kuwa, zango ɗaya bai isa a ce komai ba.

Talata, 9 ga Disamba

Zaman ƙarshe na zangon. An amince a ci gaba. Abin da ke gaba: sake zaɓen kujera ɗaya ta iyaye ranar hutu, da neman wakili daga cikin iyayen masu makara, ko da ta gayyata ce. Za a gwada karatun 'yan aji ɗaya a makon farko da makon ƙarshe na zango mai zuwa, da gwaji iri ɗaya, don mu sami abin kwatantawa. Kwamitin karatu na son malamai su fara shiga ajin juna bibbiyu, irin nazarin darasi da malaman Japan suka saba, amma sai na nemo musu gurbi a jadawali, kuma wanda ya yarda da ƙyar a Oktoba ya riga ya ce kada a sake taɓa nasa.

Malamin lissafi ya kawo buƙatar a matsar da raba darussa daga gida na uku zuwa na huɗu. Shugaba ya ce a'a, ya ba da dalilinsa a rubuce kamar yadda ƙa'ida ta ce. An sa batun a ajandar zaman farko na Janairu. Takardar gida huɗu kuma zan kai kofenta hukumar ilimi a cikin hutu, ko za su yarda su sa mata hatimi, domin ana raɗe-raɗin sauye-sauyen shugabanni a sabuwar shekara.